Polikabonet, Perspex ko gilashi: me za ka sa tsakanin idonka da giranda?

Bara cikin hunturu, wata safiya ina buɗe shago, ɗaya daga cikin yarana ya tare ni yana washe baki. Ya samo ragowar wata roba mai haske garau a wurin masu yin allon talla, ya yanke ta daidai faɗin fuska, ya huda gefe da gefe, ya zura robar tsohon tif ya yi mata maɗauri, ta zama garkuwar fuska. Ya miƙo mini ya ce, "Oga, ka ga mun huta da sayen ta kanti. Taɓa ka ji, wannan ta ninka tasu kauri." Na karɓa na ƙwanƙwasa da farce, na danna da babban yatsa. Tauri kamar gilashi, kaurinta zai kai milimita huɗu. Na ce masa, "To, ba laifi." Har gobe ina jin nauyin wannan magana.

Ba a rufa sati biyu ba, yana cikin yankan fayif da giranda, wato injin yanka da gurza ƙarfe, faifanta ya maƙale ya fashe. Guntun da ya tashi ya doki garkuwar ta gefen hagu. Robar nan ba ta lotsa ba, ba ta tsage ta tsaya ba, tarwatsewa ta yi, kuma tsininta ne ya yanka masa ƙasan gira, ba faifan ba. Ɗinki huɗu aka yi masa. Allah Ya taƙaita, ƙwayar idon ba ta taɓu ba. Da na tsugunna na tattara gutsattsarin, kowanne bakinsa kamar reza.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin robobin da ake yin tabarau da garkuwar fuska da su. Na rubuta wannan ne don ire-irena masu shagon walda da ƙira a Panteka, da makanikai da masu gyaran bodi a Kurmin Mashi, duk a nan Kaduna, da duk wanda zai shiga kasuwa neman abin kare ido a zube masa kala biyar a gabansa, dukkansu masu haske, dukkansu kuma mai kaya yana rantsuwa cewa ba sa fashewa.

Hannu ba ya gaya maka gaskiya

Abin da ya yaudare ni shi ne gwajin da na yi da yatsa. Yatsa a hankali yake dannawa, ita kuwa roba halinta a sannu daban, halinta a guje daban. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai alewa ya san wannan. In ana janta a hankali sai ta yi ta miƙewa kamar igiya, amma in mai talla zai ɓantaro maka, ɗan ƙarfe yake ɗauka ya ƙwala mata sau ɗaya ta ɓalle ƙas. Haka dunƙulen kwalta da masu aikin hanya suka bari a gefen titi: ka dawo bayan makonni ka tarar ya baje da kansa, amma ka maka masa guduma ya farfashe kamar kwalba. Abu ɗaya ne, saurin bugun ne ya bambanta.

Dalili kuwa, kowace roba a cikinta dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, a cukurkuɗe kamar taliyar da aka dafa ta huce. Irin wannan abu shi masana ke kira polima. In aka matsa mata a sannu, zarurrukan suna samun sukunin zamewa, su juya, su miƙe, sai robar ta lanƙwasa ta shanye bugun. In bugun ya zo ya ƙare cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ba kowane irin zare ne ke iya motsawa a wannan ɗan taƙin ba. Wanda ya kasa motsi sai ya ƙage, abin da ya ƙage kuwa ba shi da mafita sai tsagewa. Saboda haka tambayar ba wace roba ta fi tauri ba ce. Wace ce zarurrukanta ke iya motsi a cikin wannan ƙiftawar?

Kai, ƙiftawa ma ta yi tsawo. Dubi jikin faifan yanka na kirki za ka ga an rubuta mita 80 a daƙiƙa, iyakar gudun da bakinsa ya kamata ya yi ke nan. Babban faifai mai milimita 230 yana kaiwa nan a juyi 6,600 a minti, ƙarami mai milimita 115 kuma a wajen juyi 13,300. Mita 80 a daƙiƙa kilomita 288 ne a awa. Da mota ce, da ta ɗauke ka daga Kaduna ta dire ka Abuja cikin minti arba'in. Daga faifan zuwa fuskarka kamar kamu ɗaya ne, guntu zai cinye wannan tazara cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyu na daƙiƙa, alhali fatar ido tana buƙatar kusan kashi ɗaya bisa goma kafin ta rufe. Sannan ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake sau huɗu.

Perspex da polikabonet

Robar da yarona ya yanko ita ce akirilik, wadda masu allon talla suka fi sani da Perspex. Tsohuwa ce a duniya, tun 1933 kamfanin Röhm na Jamus ya yi mata rajista da sunan Plexiglas, Turawan Ingila kuma suka fito da tasu da sunan Perspex. Ba za a raina ta ba. Haske kashi 92 cikin ɗari ke ratsa ta, har ta ɗara gilashin taga. Rana ba ta sa ta ja, ba ta saurin kojewa kamar sauran robobi, in ta koje kuma ana goge ta ta dawo sabuwa. Duk abin da ido da hannu ke so a kasuwa tana da shi, kyan ɗan maciji ke nan. Zarurrukanta suna da wasu rassa a gefe da ke hana su juyawa da sauri, to da bugu ya zo a guje sai 'yan ƙananan tsagogi su buɗe a bayan wurin da aka doka, su ruga ta ko'ina kamar ƙafafun gizo-gizo, farantin ya rabu gida-gida.

Akwai wani labari da nake so game da ita. A Yaƙin Duniya na Biyu da ita ake yin rumfar matuƙan jiragen yaƙin Ingila. Wani likitan ido, Harold Ridley, ya lura cewa gutsattsarinta da ke shiga idon matuƙa suna zama a ciki ba tare da idon ya yi bore ba. Daga nan ya samo dabarar dasa ƙwayar roba a idon wanda aka cire wa yana, ya fara yi a Landan a 1949, aikin da yanzu ake yi har a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Alheri ne babba. Sai dai ni abin da na tsinta a labarin shi ne yadda aka yi gutsattsarin suka shiga idon tun farko.

Ita kuwa polikabonet ƙanwa ce, a 1953 aka gano ta: Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus, da Daniel Fox a kamfanin General Electric na Amurka, kowa da nasa binciken, kusan lokaci guda. Sunayen Makrolon da Lexan daga nan suka fito. Da ita aka yi ƙoƙon hular waɗanda suka taka wata a 1969. A hannu ba ta da kwarjinin Perspex: ta fi laushi, farce mai ƙarfi ma yana iya yi mata zane, haskenta kuma bai kai na waccan ba. Amma gaɓoɓin zarurrukanta suna iya juyawa ko da an sanyaya ta ƙwarai, suna iya juyawa ko da bugu ya zo a guje. In ƙarfe ya doke ta sai wurin ya lotsa kamar gindin kwanon sha, ya miƙe, ya yi fari-fari, ƙarfin ya ƙare a wurin miƙewar. In abin ya fi ƙarfinta ma, yawanci huda ta yake yi ya bar rami mai leɓe, ba ta watso maka reza a fuska ba. A gwajin da ake yi wa robobi a masana'antu, inda ake tsaga ɗan baki a jikin sanda a doke ta, polikabonet tana shanye abin da ya kai wajen ninki talatin na akirilik. Zafi ma ta fi jurewa: sai wajen digiri 147 take fara saki, Perspex kuwa tun wajen 105.

Ba sai ka je ɗakin gwaji ba, duk motar zamani tana ɗauke da su biyun. Murfin fitilar gaba polikabonet ne, na fitilar baya akirilik. Ka zaga Kurmin Mashi ka duba: fitilun gaba duk sun yi ja sun dushe kamar idon mai yana, amma da wuya ka ga wadda tsakuwar tifa ta tarwatsa, duk da shekarun da suka yi suna shan ta a hanyar Zariya. Na baya kuwa ja wur suna sheƙi kamar jiya aka sa, amma Keke Napep ya ɗan goge su sai dai a share a titi. Masu ƙera mota sun san abin da suke yi: inda dutse ke zuwa a guje suka sa mai lotsawa, inda ake son ado da jure rana suka sa mai sheƙi. Fuskarka a gaban giranda gaban mota ce, ba bayanta ba.

Inda polikabonet ke ba da kunya

Nan ne zan daɗe, domin nan ne masu shago ke asarar kuɗinsu ba su sani ba. Babban abokin gabar polikabonet ba ƙarfe ba ne, fetur ne da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Mu kuwa da fetur muke wanke hannu, da tsumman tina muke goge komai. Waɗannan ruwaye suna kutsawa tsakanin zarurrukan su sassauta su, musamman inda robar ke a ɗame, wato wajen ramin ƙusa da inda aka lanƙwasa ta. Sai ka ga wasu 'yan siraran layuka masu ƙyalli kamar gashi sun fito a gefe. Wani lokaci ma ba ka ganin komai. Amma robar da jiya za ta lotsa, yau fashewa za ta yi tamkar Perspex. Man birki, gam mai saurin kamawa, da ruwan goge gilashi mai warin amoniya duk sahunsu ɗaya. Na taɓa ganin yaro ya ɗauki sabuwar garkuwa da fenti ya ɗiga mata, ya dangwali tina ya murza. Fentin ya fita, robar ta yi hazo nan take. Na karɓa na lanƙwasa ta a gabansa, ta karye a daidai inda ya goge.

Na biyu shi ne zane mai zurfi. Polikabonet mai santsi jaruma ce, amma in aka yi mata tsaga mai kaifi, nan duk ƙarfin bugu zai taru. Abin mamaki, a gwajin sanda mai tsaga, mai kaurin milimita uku miƙewa take yi kafin ta rabu, mai milimita shida kuwa sau da yawa karyewa take ƙas, saboda naman tsakiyarta ya rasa inda zai matsa. Ba ina cewa siririya ta fi kakkaura tare ƙarfe ba, a'a, farantin da ba shi da tabo in ya ƙara kauri ya ƙara ƙarfi. Ina nufin kauri kaɗai ba ya ceton robar da aka yanka da zarto aka bar mata baki kaca-kaca, aka huda ta da ƙusa. Ko da a ce yarona polikabonet ya samo, irin yankan da ya yi mata ya riga ya rage mata ƙarfi.

Na uku ƙurar Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka ajiye tabarau awa ɗaya ka dawo ya yi fari. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, ta fi robar tauri nesa ba kusa ba. Ka goge ta a bushe da gefen riga, ka yi wa tabaraunka sanfefa ke nan. Bayan wata guda yaro ba ya gani sosai, sai ya tura shi goshi ya ci gaba da yanka da ido tsirara. Magani shi ne a zuba ruwa ya kwashe ƙurar tukuna, a sa ɗan sabulu mara ƙarfi, a bari ya tsane. Rana ma tana cinta a hankali, kamar dai fitilun motar can, don haka kada a rataye ta a ƙofar shago ko a bar ta a gaban mota.

Kuma ba duk polikabonet ce ɗaya ba. Faifan CD da ita aka yi shi, amma wadda aka gajarta wa zarurruka don ta gudana cikin sauƙi a injin ƙira; lanƙwasa tsohon faifai da ƙarfi ka ga yadda yake watsewa. Robar da aka narka aka sake narkawa ita ma zarurrukanta guntulewa suke yi. Shi ya sa "ai polikabonet ce" daga bakin mai kaya bai wadatar ba.

Tun da ana maganar siranta, bari in ɗan ratse. Wasu masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka sun riƙa harbin fatar roba da ba ta kai kashi ɗaya bisa ɗari na kaurin gashi ba, da ƙwayoyi ƙanana masu gudun da ya wuce na sauti. Robar da suka gwada irin ta gidan CD ce, wadda kowa ya san ko faɗuwa ta yi sai ta tsage. Sai ga shi a wannan siranta da wannan gudu ba ta fashe ba, zafin bugun ya rasa lokacin fita, ya tausasa ta, ta miƙe kamar danƙo ta shanye ƙarfi mai yawa in aka kwatanta da nauyinta. Abin sha'awa ne, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma yake faruwa. Kada wani ya ji wannan ya ɗaura leda a fuska.

Sauran 'yan takara

Gilashi ba sai na ja magana ba. Ba ya kojewa, fetur ba ya yi masa komai, amma nauyinsa ya ninka na roba, kuma in ya fashe kowa ya san abin da ke biyo baya. Ga wani aibi da ba kowa ya lura da shi ba: tartsatsin giranda yana narkewa ya manne a jikin gilashi ya bar ɗige-ɗige da ba sa fita, duk wanda ya taɓa yanka ƙarfe kusa da gilashin mota ya sha wannan faɗan. Baƙin gilashin hular walda aikinsa tare haske ne, ba tare ƙarfe ba. Yana buƙatar farar roba a gabansa, da wata a bayansa ta ɓangaren ido. Haka kuma farin tabarau na polikabonet, duk da yana tare yawancin hasken nan mai ƙona ido, ba ya maye gurbin baƙin gilashi a wurin walda.

Sai garkuwar nan ta zamanin korona da ta cika kasuwa a 2020, har yanzu ragowarta na yawo da araha. Robar gorar ruwa ce, PET, kaurinta bai kai rabin milimita ba. Don tare yawu da atishawa aka yi ta. Ba ta cika fashewa ba, amma ba ta da naman da za ta tsayar da komai: ko dai guntu ya ratsa ta, ko ya tura ta har ta taɓa idon. Siririyar roba tana da amfani in an manna ta da wani abu, kamar fatar milimita 0.76 da ke tsakanin gilasai biyu na gaban mota, wadda ke riƙe gutsattsari in an yi karo. Riƙewa take yi, ba tarewa ba. A shagon ƙarfe garkuwar korona ta fi babu haɗari, don tana sa yaro ya saki jiki.

Akwai kuma garkuwar asitet, wadda ta fi polikabonet jure tina da sinadarai amma ba ta kai ta ɗaukar bugu ba. Mai fenti da mai cajin batir ita ta dace da su, ba mai yanka ba.

Dattawan sana'a masu tabaran likita, a nan ake yawan yin kuskure. Yawancin farin tabarau na roba da ake yanka wa mutane CR-39 ne: gani garau, ga sauƙin kuɗi, amma in ƙarfe ya doke shi a guje fashewa yake, a kusa da ido kuwa. In za ka sake yanka, ka tambayi polikabonet ko Trivex, wadda kamfanin PPG ya fito da ita a 2001. Trivex ta fi sauƙin nauyi, ta fi jure sinadarai, ba ta kuma cika yi wa mutum bakan gizo a gefen gani kamar yadda polikabonet kan yi wa masu lamba mai ƙarfi ba. Tsada ce matsalarta, kuma ba ko'ina ake samu ba. Ko wanne ka sa, firam ɗin ado ba a yi shi don riƙe gilashi a lokacin bugu ba. Mafi sauƙi ka sayi babban tabaran kariya da ake ɗorawa a kan na likita.

Karanta abin da aka rubuta a jiki

Kayan kirki suna da tambari a jikin robar da kuma jikin firam, a zane ko a ƙere, ba takardar manne ba. Na Turai za ka ga EN 166 tare da harafi ɗaya. Ana gwada su ne da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6, nauyinsa giram 0.86. Harafin F yana nufin ya tare shi a gudun mita 45 a daƙiƙa, B a mita 120, A kuma a mita 190. Harafin S ba gwajin gudu ba ne, ɗan ƙarin ƙwari ne kawai, bai isa aikin giranda ba. Tabarau mai hannu iyakarsa F, komai kyansa. Mai zagaye ido da igiya yana iya kaiwa B. Garkuwar fuska ce kaɗai ke kaiwa A. In harafin firam da na robar suka saɓa, na ƙasa shi ne gaskiya. In ka ga T a gaba, an gwada shi cikin sanyi da kuma zafin digiri 55, abin da ya shafe mu a watan Maris da Afrilu ƙarƙashin rufin kwano. K na nufin an yi masa rufin hana kojewa, N kuma na hana hazon gumi. Sababbin kaya sun fara zuwa da lambar ISO 16321, inda C ke nufin mita 45, D mita 80, E mita 120. Na Amurka kuwa Z87 ne, amma sai ka ga alamar tarawa a gabansa, Z87+, sannan an gwada shi da bugu mai gudu.

Yanzu ɗora wannan a kan mita 80 na faifanka. F bai kai ba. Tabarau mai F yana maganin tartsatsi da ɓarɓashin ƙarfe da wayar buroshi mai tsinkewa, abubuwan da suka fi yawan kai mutane asibiti, amma in faifai ake magana sai B ko A.

Tambari kuma ana buga na jabu, wannan ba sabon abu ba ne a kasuwarmu. Ga abin da nake yi. Ina duban bakin robar ta gefe a cikin haske: na Perspex fari ne tas yana walƙiya, na polikabonet yana da ɗan duhu mai shuɗi-shuɗi. Ina ƙwanƙwasawa: Perspex ƙararta siririya ce kamar tangaran, polikabonet ƙararta a dakushe take. Garkuwar polikabonet ta milimita ɗaya ko biyu za ka iya naɗe ta ta koma yadda take. In kuwa dozin zan saya, ina ce wa mai kaya, "Alhaji, ba ni ɗaya tukuna, gobe in dawo." In je shago in ɗora shi a kan katako, in sa nawa tabaran, in kafa masa ƙusa mai dakusasshen baki in doka da guduma. Na ƙwarai lotsawa yake ya yi fari a wurin. Na banza kuwa a bugu ɗaya yake tona asirin kansa. Wannan ba ya tabbatar maka da B ko A, jabun fili kawai yake kamawa, amma ya taɓa hana ni sayen katan guda.

To wanne za a saya?

Mai yanka da gurza da giranda: garkuwar polikabonet mai B ko A, da tabarau mai F ko Z87+ a ƙarƙashinta. Biyun tare, saboda ɓarɓashi yana shigowa ta ƙasan haɓa da gefen kunne, kuma duk wanda ya ɗaga garkuwa don duba aiki idonsa a buɗe yake ga tartsatsin na kusa da shi. In kuɗin ɗaya kawai ke gare ka, ni zan ce ka fara da mai zagaye ido mai B. Tabo a kumatu ana rayuwa da shi. Kafinta, makaniki da mai fasa dutse da kurfi, tabarau mai F mai kariya ta gefe ya wadatar a yawancin aiki. Mai babur da zai canza gilashin hular kwano, shi ma polikabonet zai nema, kada ya yarda a yanko masa Perspex a lanƙwasa da wuta, kada kuma ya goge da tsumman da ya taɓa tanki. Perspex a bar wa allon talla da akwatin nuna kaya, can ba ta da na biyu.

Sai dai kada lissafin ya ruɗe mu. Ƙwallon gwajin A, mafi tsanani, ƙarfinsa a ma'aunin ƙarfin bugu da ake kira jul, jul 15 da rabi ne. Guntun faifai mai giram 20 a gudun mita 80 yana ɗauke da jul 64, sama da ninki huɗu. Babu garkuwar roba da aka yi wa alkawarin tare wannan. Abin da aka yi don shi shi ne murfin ƙarfen da ke jikin giranda, wanda yaranmu ke kwancewa ranar farko don su sa faifan da ya fi injin girma. Faifai mai milimita 180 a kan ƙaramar giranda mai juyi 11,000 bakinsa yana haura mita 100 a daƙiƙa, ya wuce abin da aka gina shi a kai. Shi kansa faifan da gam na roba aka haɗa shi, yana tsufa, shekara uku ake ba shi, kuma watan ƙarewarsa na nan a zane a zoben ƙarfen tsakiya. Wanda ya fashe wa yarona, da na duba zoben daga baya, ya wuce wa'adinsa da shekara guda.

Yanzu a shagona akwai garkuwa uku masu B a cikin tsofaffin safa, rataye a ƙusa ta cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa, da galan ɗin ruwa da sabulu a ƙasansu, nesa da inda muke ajiye fetur. Robar gaban ana cire ta a sa sabuwa, don haka duk wadda ta sha bugu sau ɗaya ko ta yi hazo ina canza ta ba tare da na sayi maɗaurin ba. Rigimar da ta rage ita ce gumi. Da zafi ya shigo, tabaran ciki yana yin hazo, sai in juya in ga mai tabon girar nan da kansa ya tura nasa goshi. Na sayo masu N, sun rage amma ba su hana ba. Jiya ma sai da na zare filogin girandarsa daga soket, ya ɗago ya ce, "Oga, saura kaɗan fa," na ce ya sauke shi tukuna.